Yatsu Biyu

A garejin Valdecir, bayan tashar bas ta Londrina,
inda jar ƙasa ke bin takalmi har cikin ɗaki,
na tsai da tsohuwar Chevette ɗita, na ce:
"Sauke min ita, maigida. So nake ta shafi kwalta,
in na wuce, 'yan bakin titi su yanke hira."

Ya goge hannu da tsumman da ya fi hannun baƙi,
ya zagaya ta kamar mai taya saniya,
ya danna bayanta da gwiwa.
Ta sunkuya, ta ɗago, ta tsaya.

"Sa'anninka da zarto suke zuwa,
wai in datse musu zobe biyu a sifirin.
Araha ba ta ado.
Motar za ta durƙusa, ba musu,
amma haƙoranka za su haddace ramukan nan har Cambé.
Gajeren sifirin na kanti da dama-dama,
in ya shirya da shokazoba;
in ba su shirya ba, dogo da gajere ne
suka ɗauki tebur guda a kan matakala."

Sai ya jawo wani abu daga kwali:
sifirin ya nannaɗe shokazoba,
ga zobe mai zare kamar murfin kwalba.
Koyiloba.
Ka murɗa ta sauka, ka warware ta tashi.
Albashin wata uku na zube masa, ban yi tari ba.

Yatsu huɗu muka sauke ta.
Daren Asabar na ratsa gaban gidan mai a hankali,
taya ta ɓuya cikin baki kamar kan kunkuru,
Josimar ya cire hula ya yi fito.
Na kwana ina jin fiton nan.

Litinin kuma ranar Dona Zilda ce, mahaifiyata,
wadda aka sa wa ƙarfe a ƙugu,
sau uku a mako ana gasa mata ƙashi a asibiti.
Shiga ma sai da na tallafe ta, kujerar ta yi mata nisa.
Tudun hana gudu na gaban kantin magani
na hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya,
duk da haka cikin motar ya yi ƙara.
Ta damƙe marfi, ta ciji leɓe.
Da muka isa ta share goshi, ta ce:
"Motar ta yi kyau, ɗana."
Da ma zagina ta yi.

Valdecir bai ce na faɗa maka ba.
Kofi ya cika a ƙaramin kofin tangaran,
ya ɗora gaban gilashi, ya ce, "Ja mu je."
Kafin kwana ta farko rabi ya zube.
Muka dawo. Ya ɗaga jak, ya sa sifana,
ya mai da yatsa ɗaya, ya sassauta shokazoba,
ƙas, ƙas, ƙas, yana ƙirgawa da kunne.
"Sifirin ma yana son wurin numfashi," in ji shi.
Muka sake fita. Ya zube kaɗan.
Wani yatsan. Ya rage wa tayoyi iska,
ya ce in sayar da manyan rim ɗin nan
in sayi taya mai tsoka.
Wajen la'asar kofin ya yi rawa, ya yi rawa,
bai taɓa baki ba.
Ya ɗauka ya shanye, a sanyaye.

Josimar ya ce na ji tsoro.
Ya auna da hannunsa, ya yi tsaki.
Tabon kofin farko yana nan, ban goge ba.

Laraba, a hanyar dawowa,
na waiga zan tambaye ta ko mu tsaya sayen burodi,
na ga kanta ya jingina da gilashi,
bakinta a ɗan buɗe, jakarta a cinya.
Mun iso ƙofar gida.
Ban taka birki ba.
Na sake zagaya unguwar.